Tuwon Zaure da Ƙanzon Madafa

Da wuya ka sami gari a ƙasar Hausa da ba shi da irin gidan nan. Da an sallame sallar magariba sai ka ga yara suna fitowa da akussa da kwanuka ana jerawa a zaure. Tuwo malmala-malmala, miya har man shanu na yawo a kanta. Baƙon da dare ya riska ya ci, maƙwabci ya ci, almajiri ya miƙo kwanonsa a zuba masa. Kowa ya suɗe hannu ya ce, "Allah ya ƙara wa Alhaji arziki." Sunan maigida ya zaga gari, har maroƙa sun sa shi a baki.

To, wuce zauren, ka ratsa tsakar gida, ka leƙa madafa. Can za ka tarar da waɗanda suka yi aikin. Ga yarinyar da ta kama surfe tun hantsi, tafin hannunta duk kanta. Ga dattijuwar da ta tuƙa tukunya uku, hayaƙin ɗanyen itace ya rine mata ido. Ga yaron da ya wuni tsakanin rijiya da randa. An kwashe na zaure, an kwashe na maigida, su kuwa rabonsu ƙanzo ne. Su kankare gindin tukunya, su jiƙa da ruwa, su ci a tsaitsaye. Ranar da dattijuwar ta yi ƙarfin hali ta ce, "Alhaji, a taimaka a ƙara mana ko malmala guda," sai babban yaron gida, mai riƙe da makullin rumbu, ya tuna mata cewa akwai mata a bakin ƙofa suna roƙon a ɗauke su aikin.

Wannan maigida, mai kyauta ne ko macuci? Wanda ya ƙoshi a zaure zai rantse maka bai taɓa ganin mai alheri irinsa ba. Wadda ta riƙe muciya za ta gaya maka wani abu dabam. Kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Ita ce tambayar da tarihi ya bar mana a kan manyan attajiran da suka kakkafa masana'antu a Turai da Amurka cikin ƙarni na 19, kuma ban san wanda ta fi zama daidai da shi ba kamar Andrew Carnegie, sarkin ƙarfe na Amurka.

Shi kansa ɗan madafa ne tun asali. An haife shi a 1835 a garin Dunfermline na ƙasar Sikotilan. Mahaifinsa masaƙi ne, da hannu yake saƙarsa a gida, har injinan saƙa masu aiki da tururi suka zo suka kashe masa kasuwa. A 1848 iyalin suka ci bashin kuɗin jirgi suka yi ƙaura zuwa Amurka, suka sauka a Allegheny, daura da birnin Pittsburgh. Yaron bai wuce shekara 13 ba ya shiga masaƙar auduga, yana canja zare a bakin inji tun duku-duku har dare, ladansa dala 1 da santi 20 a mako. Daga nan ya zama ɗan aike a ofishin tangaraho. A lokacin ne wani bawan Allah, Kanar James Anderson, ya buɗe wa yara 'yan ƙwadago ɗakin littattafansa, littafi wajen 400, duk Asabar su mayar da na hannunsu su ari wani. Wannan alheri ya zauna a ran Carnegie har tsufansa.

A 1853 ya koma kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania, inda ya koyi lissafi da tafiyar da mutane, ya fara zuba jari. A 1875 masana'antarsa ta ƙarfe ta fara aiki a garin Braddock da dabarar Bessemer, wadda ake hura iska cikin narkakken ƙarfe ta ƙone dattinsa cikin 'yan mintoci. Baiwar mutumin ita ce awo. Kwal ne, tama ce, awar aikin lebura ce, babu abin da ke wucewa ba a rubuta kuɗinsa ba. Inji ko bai tsufa ba, in an ƙera wanda ya fi shi, sai a tumɓuke a kafa sabo. Da haka ya karya farashin ƙarfe, ya bar abokan hamayya a baya. Ƙarfen nan shi ya zama layin dogo da gadoji da ginshiƙan dogayen benaye. A 1900 ribar kamfaninsa ta kai dala miliyan 40 cikin shekara guda. A 1901 aka sayar da kamfanin ga ɗan banki J. P. Morgan a kan dala miliyan 480.

Tuwon da ya fitar zaure ba na wasa ba ne, kuma rashin adalci ne a raina shi. Tun a 1889 ya wallafa wata maƙala inda ya bayyana cewa attajiri mai riƙon amana ne kawai, wajibinsa ya rabar da abin da ya tara tun yana da rai, kuma abin kunya ne mutum ya mutu ya bar tarin dukiya. Ya faɗa, ya kuma aikata. Kafin rasuwarsa a 1919 ya rabar da wajen dala miliyan 350. Da kuɗinsa aka gina ɗakunan karatu 2,509 a ƙasashe daban-daban, fiye da 1,600 daga cikinsu a Amurka, na farkon kuwa a mahaifarsa Dunfermline a 1883. Sharaɗinsa shi ne gari ya ba da fili, ya ɗauki nauyin kula da ginin duk shekara, kuma kowa ya shiga kyauta. Yaran talakawa da baƙin haure masu ɗimbin yawa a irin waɗannan ɗakuna suka fara riƙe littafi. Da kuɗinsa aka gina Fadar Zaman Lafiya a birnin Hague, wadda aka buɗe a 1913, inda Kotun Duniya take zama a yau. Gidauniyar da ya kafa a Niyok a 1911 ita ta ɗauki nauyin kwamitin Ashby da ya binciki ilimi mai zurfi a Nijeriya, wanda rahotonsa na 1960 ya ba da shawarar a kafa jami'a a Arewa, shekara biyu bayan haka aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ke nan mu ma nan mun tsoma hannu a akushin, ba mu da bakin cewa babu daɗi.

Sai mu shiga madafa. Ma'aikacin ƙarfe na wancan zamani awa 12 yake yi a rana, da yawansu har da Lahadi, a gaban wutar da ke narka ƙarfe ya koma kamar ruwa. Ranar da za a yi musanya tsakanin masu aikin rana da masu aikin dare, sai rukuni guda ya yi awa 24 a tsaye. Mutumin da ya kwana bai runtsa ba, ga tartsatsi, ga ƙugiya na yawo da ƙarfe mai zafi bisa kansa, kuskure guda ya isa ya raba shi da hannu ko da rai. Shugaban masana'antar Braddock, Kyaftin William Jones, ya gane haka, ya mayar da aikin awa 8, rukuni uku, domin a ganinsa gajiyayye ba ya aikin kirki. A 1888 Carnegie ya rufe masana'antar, ya ƙi buɗewa har sai da ma'aikata suka amince da komawa awa 12. Shekarar da ta biyo, 1889, ya buɗe musu ɗakin karatu a garin, shi ne na farko da ya buɗe a Amurka. A wannan shekarar kuma wani tanderun narka tama ya fashe, Jones ya rasu sanadin haka.

A duba jerin nan da kyau. An ƙwace wa mutum awa huɗu daga yininsa, sa'an nan aka gina masa wurin karatu. Da wane lokaci zai karanta? Da wane ido?

Babbar fitinar ta auku a Homestead, wani gari a bakin kogin Monongahela, inda Carnegie ya sayi masana'anta a 1883. Ma'aikata wajen 3,800 ne a wurin, kuma ƙwararrun cikinsu suna da ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi. Yarjejeniyarsu da kamfani za ta ƙare a ƙarshen Yuni 1892. Wanda ke riƙe da makullin rumbu a lokacin shi ne Henry Clay Frick, shugaban kamfanin, mutum mai tsauri da bai taɓa ɓoye ƙiyayyarsa ga ƙungiya ba. Ya zo da buƙatar a rage lada, kuma a mayar da ƙarewar yarjejeniya zuwa tsakiyar hunturu, lokacin da babu magidancin da zai iya yajin aiki ga sanyi ga yara. Tun ana cikin ciniki ya sa aka kewaye masana'antar da katangar katako mai tsawon mil uku, da waya mai ƙaya a samanta. Da magana ta watse sai ya rufe ƙofa. Leburorin da ba 'yan ƙungiya ba su ma suka tsaya bayan 'yan uwansu.

Da asubar 6 ga Yuli, jiragen ruwan dakon kaya biyu suka nufo gaɓa ɗauke da 'yan bindigar haya 300 na kamfanin Pinkerton, an turo su su karɓe masana'antar don a shigo da sababbin ma'aikata. Aka busa jiniya, gari ya fito, maza da mata da yara. Aka wuni ana harbi. Da yamma 'yan hayar suka miƙa wuya, jama'a kuma cikin fushi suka lakaɗa musu duka a kan hanya, abin da ya zubar wa masu yajin mutunci a idon mutane da yawa. Ma'aikata bakwai suka mutu, 'yan Pinkerton uku. Ranar 12 ga wata gwamnan jihar Pennsylvania ya turo dakaru fiye da 8,000, aka buɗe masana'antar da waɗansu ma'aikatan. A watan Nuwamba yunwa ta karya yajin. Aka rage lada, aka sa sunayen shugabanni a baƙin littafi yadda babu masana'antar da za ta ɗauke su. Ƙungiya ba ta sake samun gindin zama a wurin ba sai a 1937, bayan shekara 45.

Ina maigida duk wannan lokacin? Yana hutawa a wani lungu na tsaunukan Sikotilan, nesa da 'yan jarida, yana aiko wa Frick da saƙon goyon baya ta wayar tangaraho. Alhali shi ne a 1886 ya rubuta cewa ma'aikata suna da 'yancin kafa ƙungiya, kuma bai dace mutum ya karɓe aikin maƙwabcinsa mai yaji ba. Daga baya ya nuna nadama, ya ce babu abin da ya taɓa ƙona masa rai kamar Homestead, ya kuma jingina kuskuren kawo 'yan bindiga ga waɗanda ya bar wa riƙo. Mu mun san karin maganar da ake fakewa da ita a irin wannan wuri, cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ni ban karɓe ta a nan ba. Wanda ya zaɓi yaron gida, ya san halinsa, ya damƙa masa makulli ya yi tafiyarsa, sa'an nan ya dawo ya karɓi ribar, ba zai ce bai san abin da aka yi a madafa ba.

Carnegie yana da hujjarsa, kuma bai ɓoye ta ba. A ganinsa, in aka watsa ribar cikin albashi, kowa zai sami 'yan kuɗi kaɗan ya kashe a ci da sha da sutura, su bi ruwa. In kuwa ta taru a hannun mutum guda mai hangen nesa, sai a gina abin da zai amfani al'umma har jikoki. Ka ji maigida yana ce wa dattijuwar nan, "In na ba ki hatsin cinyewa za ki yi, gara in dafa wa gari." To, ai don a ci ake neman abinci. Abin da ya kira ɓarna shi ne naman miyar ma'aikaci, da takalmin ɗansa, da kuɗin maganin matarsa, da ɗan abin da zai ajiye don ranar da ƙarfi ya ƙare. Ɗan masaƙin Dunfermline ya fi kowa sanin haka. Abin da ya fi ci mini rai a hujjar shi ne rainin da ke cikinta: mutum ya isa ya tsaya gaban wuta awa 12 ya fitar da ƙarfe mai kyau, amma bai isa a amince masa da kuɗin guminsa ba.

Ma'aikatan sun fahimci wannan sarai. A 1898 aka buɗe katafaren ɗakin karatu a Homestead, har da zauren kiɗa da wurin ninkaya, shekara shida bayan an binne mutanensu. A 1904 mutanen birnin Wheeling suka kaɗa ƙuri'a suka ƙi karɓar kyautar ɗakin karatunsa, bayan ƙungiyoyin ƙwadago sun tuna musu abin da ya faru a Homestead. Talaka ne ya dubi kyautar attajiri ya ce a mayar, kuma ba don yana ƙin ilimi ba.

Masu kare irin su Carnegie sukan ce haka zamanin yake, kowa ma haka yake yi. Tarihi bai goyi bayansu duka ba. Tun kafin a haifi Carnegie, a ƙasarsa ta haihuwa Sikotilan, Robert Owen ya karɓi masaƙar auduga ta New Lanark a 1800. Ya daina ɗaukar yara 'yan ƙasa da shekara 10, ya rage awannin aiki, ya buɗe kanti mai kaya masu kyau da rahusa, ya gina makaranta a 1816 har da sashen ƙananan yara. Lokacin da Amurka ta hana fitar da auduga injuna suka tsaya wata huɗu, bai kori kowa ba, ya ci gaba da biyan cikakken albashi. Duk da haka masaƙar ta yi riba. Owen yana da nasa aibi, ya cika sa ido a rayuwar ma'aikatansa, garin da ya je ya kafa a Amurka daga baya kuma ya rushe. Amma ya nuna cewa ana iya zuba wa 'yan madafa tuwo daga tukunya guda da na zaure, gida bai talauce ba.

Sukan kuma ce ai ba a ɗaure kowa ba, mutane da ƙafarsu suka taso daga ƙauyukan gabashin Turai suna neman aikin, don ladan ya fi na gida. Gaskiya ne. Sai dai mayunwaci ya karɓi ƙanzo ba shi ke nuna ƙanzo ne haƙƙinsa ba. Kuma kuɗin da aka rage wajen tsaron rai, da rai aka biya shi. Bayan Carnegie ya sayar da kamfaninsa, wata mai bincike, Crystal Eastman, ta ƙirga waɗanda suka mutu a bakin aiki a gundumar Allegheny cikin shekara guda, daga Yuli 1906 zuwa Yuni 1907. Ta sami mutum 526, daga ciki 195 ma'aikatan ƙarfe ne. Iyalai da yawa ba su sami abin da ya wuce kuɗin jana'iza ba. Shi kansa Carnegie a 1901 ya ware dala miliyan 4 don tallafa wa tsofaffin ma'aikatansa da waɗanda suka ji rauni. Abin yabo ne, amma kuma shaida ce cewa ya san da bashin.

Abin da ya gyara madafa a ƙarshe doka ce da haɗin kai. A Ingila sai da majalisa ta yi dokar 1833 wadda ta hana ɗaukar yara 'yan ƙasa da shekara 9 a masaƙu, ta naɗa sufetoci huɗu su riƙa zagayawa, sa'an nan ta 1847 ta tsayar da aikin mata da matasa a awa 10. A Amurka ma sai da aka yi dokokin diyyar rauni da na 'yancin ƙungiya kafin ma'aikacin ƙarfe ya numfasa. Ba a bar talaka ga tausayin maigida ba, domin tausayi yau akwai gobe babu, kuma ko mai tausayin ne, in gasa ta matse shi albashi yake fara taɓawa.

Mu da muka tashi cikin karatun malamai ba baƙi ba ne ga wannan tsari. An koya mana farilla tana gaban nafila, ko gado za a raba sai an fid da bashi tukuna, kuma a biya ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba. Lada haƙƙi ne, yana da mai shi, da sunansa da iyalinsa. Kyauta ganin dama ce, mai bayarwa ke zaɓar wanda zai ba. Wanda ya tauye na farko ya yawaita na biyu ya zama inuwar giginya, na nesa ka sha ta. Ɗalibin da ya ƙaru da littafi a wani gari mai nisa ba shi da ikon yafe abin da aka rage wa matar da mijinta ya mutu a bakin kogin Monongahela, don ba shi aka cuta ba.

Hukuncina shi ne, Carnegie ya yi alheri mai yawa na gaske, ya kuma ci haƙƙin mutane na gaske, ɗayan bai goge ɗayan ba domin ba mutane ɗaya aka yi wa su ba. A ci gaba da amfani da ɗakunan karatunsa, a gode masa, amma a gaya wa yara cewa sunan mutum guda ne a ƙofa, gumin dubbai ne a bango.

Kai kuma mai karatu, duk ranar da ka ji ana shelar kyautar wani mai masana'anta, ka yi masa addu'a, sa'an nan ka tambayi abu uku: nawa yake biyan ma'aikatansa, awa nawa suke yi, kuma wa ke ɗaukar nauyi in inji ya ci hannun ɗayansu. In kuwa kai ne Allah ya ba arzikin ɗaukar wani aiki, ko direba ne, ko mai gadi, ko 'yar aiki, to ka fara da shi. Ka biya shi cikakke, ka biya shi kan lokaci, ka bar masa lokacin hutu da iyalinsa. Abin da ya saura bayan nan shi ne naka, shi za ka yi kyauta da shi.